Keken Inna Tsakanin Safa da Marwa

Har yau idan keken guragu ya wuce ni a bakin asibiti, sai in ji yatsuna sun dunƙule da kansu kamar an miƙo mini mariƙinsa. Kusan shekara uku na yi ina tura tsofaffi a Makka, kuma duk tsawon lokacin nan tsohuwa ɗaya nake jira.

Da Umara na shiga, na ƙi fitowa. Ba ni kaɗai na yi haka ba, ba kuma yabon kaina nake ba, amma ina da dalili. Inna, mahaifiyata, ta daɗe tana tanadin kujerar Hajji, sai dai gwiwoyinta sun riga sun gama aiki; daga ɗakinta zuwa bakin rijiya sai ta zauna sau biyu. Ta rantse ba wani ƙaton da ba ta sani ba da zai tura ta a gaban Ɗakin Allah kamar buhun gero. Na ce mata, "Inna, ke dai ki zo. Ni zan tura ki da hannuna." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To Haladu, na ji. Kar dai in zo in tarar ka yi halin naka." Ta san abin da ta haifa. A garinmu ba a yi mini magana biyu, ta farkon ma da ƙyar nake bari a ƙarasa.

A unguwar Ka'akiyya na sauka, wajen Kawu Tanimu. Ba kawuna ba ne na jini, kowa haka yake kiransa. Kakanninsa ne suka taso daga ƙasar Hausa a ƙasa, suka bi ta Chadi da Sudan, shi kuwa a Makka aka haife shi. Bai taɓa ganin Kano ba, amma yana ba da labarinta kamar jiya ya baro ta. Yana da ɗan shagon kuka da daddawa da yaji, a saman gidansa kuma akwai wani ɗakin kwano da mu biyar muke kwana a ciki. Ranar da na zo ya kafa mini doka.

"Isma'a, ɗan nan. Duk na sama ba mai iƙama, ya'ani kanku ɗaya ne. Wanda ya jawo mana askari ya kashe mu duka. Faɗa mamnu'u ne a gidan nan, an hana shi. Ka fahimta?"

Na ce na fahimta. Iƙama ita ce takardar zama, wanda ba shi da ita ranar da aka kama shi sai jirgin komawa gida.

A Kudai aka fara koya mini hankali, wajen tashar manyan motocin alhazai. Wani mutum ya ji Hausata, ya tambayi garinmu, ya ce ai ya san babana, har ya kwatanta tsawonsa. Kuma daidai ya kwatanta, don duk wanda ya gan ni ya san ba gajere ne ya haife ni ba. Ya sayar mini da tsohon keke da wata koriyar falmaran, ya ce in dai tana jikina ba askarin da zai dube ni. Kwana biyu ina yawo da ita ina ɗaga ƙirji kafin 'yan ɗakinmu su gaya mini rigar masu shara ce. Sun yi dariya har ɗaya ya ƙware. Sau huɗu ina komawa Kudai neman mutumin. Allah ya taimake shi, ya taimake ni, ban same shi ba.

'Yan ɗakin ne suka koya mini sana'ar. Akwai masu turi na hukuma, masu riga da lamba, mu kuwa 'yan bayan fage ne. Za ka sa jallabiya mai tsabta, ka tura tsoho kamar ubanka ne, ka kai shi ɗawafi, ka kai shi Safa da Marwa sau bakwai. Doka ɗaya ce: in ka ga askari ya nufo ka, saki keke ka shige cikin mutane. Narkewa muke ce mata. Keke ana samun wani, tsoho kuma ba ya rasa mai tausayinsa a Harami. Haka suka ce, haka na karɓa.

A nan na gano ban da zuciya ina da wani ciwon da ban san da shi ba a gida, wato tsoro. Ko direban mota na hango da kaki sai gabana ya faɗi. Ina tafe ina waige, abinci ba ya shiga, barci rabi da rabi. Kuma tsoron nan in ya cika ni ba shi da mafita sai ya koma masifa, in huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Wata rana da hantsi, ina wata na bakwai da zuwa, na ɗauki wani dattijo Baturke. A saman Marwa akwai gangara, ba ta da tsawo amma santsi gare ta. Na juya keken ke nan za mu sauka sai na ji wani namu ya ce a hankali, "Askari." Ban ko duba ba. Na saki.

Keken ya tafi shi kaɗai, ya kauce hagu, ya daki ginshiƙi, ya kife. Ina cikin mutane ina leƙe na ga dattijon a ƙasa, jini yana bin farin gemunsa yana ɗiga a kan haraminsa. Askarin da ya ɗaga shi dogo ne, da tabo a girar dama. Ya ɗago kai, idonsa ya faɗa cikin nawa, bai yi kuskure ba. Na sunkuya na ƙara nutsawa cikin jama'a.

Da la'asar Sabo, ɗan ɗakinmu, ya shigo da keken a kafaɗa, ƙafa ɗaya a lanƙwashe. Cikin hayaniyar ya ɗauko mini shi. Alheri ya yi mini, sai dai ya haɗa da magana: "Ga motarka, direba. An ce ka saki keke, ba a ce ka harba shi ba." Ban san lokacin da na fasa masa baki ba.

Kawu Tanimu ya hau sama da kansa, yana haki. "Halas," ya ce. "Wannan ce ta farko, ita ce ta ƙarshe. Ka ƙara ɗaga wa wani hannu, ka ɗauki jakarka ka fita. Wallahil azim ba don tsohuwar da ka ce tana zuwa ba, da yau ne." A yini ɗaya na gudu inda ya kamata in tsaya, na yi faɗa inda ya kamata in yi godiya. Fita daga gidan Kawu kuwa daidai take da fita daga Makka, ga Inna ko sunanta bai fito ba tukuna.

Washegari na kai keken gyara. A bayan tashar Kudai akwai wani ɗan shago da ake gyaran kekuna, mai shi Ammi Yusuf, ɗan Indiya daga Kerala. Siriri ne, baƙi kusan kamar ni, ya haura sittin amma yana tsugunawa yana miƙewa ba tare da ya dafa komai ba. Larabcinsa gurgu ne, nawa ya fi nasa gurguncewa, amma mun gane juna. Ya cire ƙafar ya ɗora a kan wani ƙarfe ya juya ta, tana rawa kamar mai maye. Na ce ya yi sauri ina da aiki. Shi kuwa ba ƙafar yake kallo ba, hannuna yake kallo, don karkarwa yake yi.

Ya miƙo mini wani ɗan makulli da ake ɗaure wayoyin ƙafar keke da shi, ya ce in gyara da kaina. Na ce a raina tsohon nan ɗan rainin hankali ne. Na kama wayoyin gefe ɗaya na ɗaure su tamau, ƙafar ta karkace ɗaya gefen. Na koma can na ɗaure da ƙarfi, sai waya ɗaya ta tsinke, tas. Ya yi dariya har da dafa ciki.

"Shuf, sadik," ya ce, wato duba, aboki. "Wayoyin nan rabi suna ja dama, rabi suna ja hagu. Kullum cikin jayayya suke, kuma jayayyar ce take riƙe ƙafar a tsaye. In ka ɗaure wannan kaɗan, sai ka sassauta wancan kaɗan. Shwayya shwayya. Kai ba ka iya komai ba sai ɗaurewa."

Ya karɓa ya gyara, yana juyawa yana saurare, har ƙafar ta koma tana gudu ba ko motsi. Sannan ya ce, "To hannun naka fa, wa zai gyara shi?"

Ban san me ya sa ba, na kwashe komai na gaya masa, har jinin da ke gemun dattijon. Kukana na farko a Makka ba a gaban Ka'aba na yi shi ba, a shagon da ke warin giris na yi shi. Bai ce mini in yi haƙuri ba. Ya zuba mini shayi da madara, ya ce in zo gobe bayan rana ta fito, kar in ci komai.

Kwali biyu ya shimfiɗa a ƙofar shago kafin ya buɗe. Ya ce in zauna in miƙe bayana, ba kamar soja ba, ba kuma kamar tsumma ba. Zaman ya zama da ƙarfi, ya zama kuma da daɗi, duk a lokaci guda. Ya nuna mini yadda zan toshe hancin dama da babban yatsa in ja numfashi ta hagu, in toshe hagu in fitar ta dama, in sake ja ta dama in fitar ta hagu. Ya ce a ƙasarsu yoga ake kiran wannan ilimi, kuma masu shi suna cewa a jikin kowane mutum akwai rana akwai wata, akwai zafi akwai sanyi, akwai mai cewa tashi akwai mai cewa kwanta. Ba a so ɗaya ya kashe ɗaya, so ake su daidaita.

Na ce ni dai ya cire mini tsoro da zuciya in huta.

"La, la," ya ce yana kaɗa yatsa. "Marar tsoro mahaukaci ne, marar zuciya kuma gawa ne. Tsoronka yana cewa gudu, zuciyarka tana cewa doka. Duk wanda ya riga magana shi kake bi. Abin da za ka koya shi ne ka ji su duka biyun suna ja, kai kana tsakiya kana kallonsu."

Faɗa da baki ya fi sauƙi. Ranar farko ƙafata ta mutu har na kasa tashi. Rana ta biyu barci ya sace ni, minsharina ya tashe ni. Rana ta uku ƙuda ɗaya ya sa na zagi kakan ƙudajen Kudai gaba ɗaya. In na rufe ido kuwa kasuwa ce take buɗewa a kaina: askari mai tabo, mutumin falmaran, gwiwar Inna, gonarmu ta bayan gari. Na yi masa ƙorafi, sai ya nuna mini tasha da haɓa. Ya ce motocin nan yini suke suna shiga suna fita, shi kuma shekara ashirin yana zaune a nan, bai taɓa hana ko ɗaya wucewa ba, bai kuma taɓa jin dole sai ya hau ba. Tunani ma haka, in gan shi ya zo, in san launinsa, in bar shi ya wuce, in dawo kan numfashi. Ya ce tsakanin numfashin da ya shiga da wanda zai fita akwai wani ɗan fili ƙarami, a nan mutum yake zaɓen abin da zai yi.

Ba a yi wata ba labari ya kai wa Kawu Tanimu. Ya tare ni a ƙofar shagonsa. "Haladu, esh hada? An ce kullum kana Kudai kana toshe hanci gaban Bahinde. Ka zo har Makka ka koyi bautar gumaka? A'uzu billahi!" Maganar ta shige ni, don ni ma abin yana ɗan yi mini ƙaiƙayi. Washegari na je wa Ammi Yusuf da ita ba kwana-kwana.

Bai ji haushi ba. Ya ce yana matashi ciwon ƙirji ya kusa kashe shi, wani maƙwabcinsu wanda ba Musulmi ba ya koya masa zaman da numfashin. Babansa ladan ne, ya ce masa ya ɗauki abin da yake magani ne ga jiki da hankali, ya bar musu ibadarsu. "Ni idan na ja numfashi sunan Allah nake ja da shi, idan na fitar istigfari nake fitarwa. Ka tambayi kawun naka, malamai ba su ce mumini tsakanin tsoron Allah da fatan rahamarsa yake tafiya ba? In ɗaya ya yi yawa ba ya karkacewa?" Na kai wa Kawu amsar. Ya yi tsaki ya ce Bahinden nan ya cika wayo. Amma da ya ga wata uku ban ɗaga wa kowa murya ba, kuma sallata ta daina zama kamar ana kora ta, sai ya daina maganar. Wata rana ma na kama shi a bayan buhun kuka da yatsa a hanci, ya ce mura yake yi.

Hajji biyu suka wuce ba Inna. Na farko sunanta bai fito ba, na biyu ciwo ya kwantar da ita. Duk Hajji nakan bar keke in tafi Mina dako, in ɗauki jakunkuna da ƙanƙara tsakanin tantuna, garin da yake cika maƙil kwana kaɗan sannan ya koma ba kowa sai iska. A lokacin ne kewa ta fi cina. In na ji alhazan gida suna hirar damina, sai ƙamshin ruwan farko a kan ƙasarmu ya taso mini har in rasa inda nake. Kukar shagon Kawu ɗanɗanon kwali take yi mini. In na kira Inna a waya sai ta ce, "Kana cin abinci kuwa?" in ce ina ci, ta ce, "Ƙarya kake, muryarka ta rame."

Ba zan ce na zama waliyyi ba. Na taɓa jifan bango da kofi, na taɓa narkewa sau biyu, sai dai a kan shimfiɗaɗɗen wuri kuma bayan na taka wa keken birki. Amma wata rana a Mina wani ya bangaje ni, ƙanƙarar ta zube, ya juyo ya zage ni a kan laifinsa. Na ji zafin ya taso daga ciki ya hau wuya ya sauko hannu. Na tsaya ina kallonsa yana tasowa, kamar ba jikina ba. Na ja numfashi ɗaya, na fitar. Na durƙusa na kwashe ƙanƙarata. Ranar da na koma Ka'akiyya na nemi Sabo na roƙe shi gafarar bakin da na fasa masa, ya ce ya yafe amma haƙorin dai bai dawo ba.

A Hajji na uku Inna ta zo. Na same ta a masaukinsu zaune a bakin gado, ta ƙanƙance, ta zama kamar rabin wadda na bari. Na durƙusa, ta kama kunnena ta ja, sannan ta fashe da kuka. Na kai ta Ka'akiyya ta gaisa da Kawu, na kai ta Kudai ta ga Ammi Yusuf, wanda ya kwance keken gaba ɗaya ya sake ɗaure shi saboda ita, har da sabon matashi. Ba ta jin yarensa, ba ya jin nata, amma sun yi hira ta fi ta rabin sa'a. Da na kwatanta mata abin da yake koya mini sai ta ce, "Au, wannan ne ka zo har Makka ka koya? Shekara arba'in ina ɗaukar tulu. In ka ƙage wuya ruwa ya zube, in ka sake wuya tulu ya faɗi. Da ka tambaye ni ai da na gaya maka." Na fassara masa, ya yi dariya ya ce Inna ta fi shi sani.

Na tura ta Mina, na tura ta Arfa. Na ga Inna ta ɗaga hannu a Arfa hawaye yana bin zanen fuskarta, na ce ko yanzu aka kama ni na ci riba. Ashe ban san abin da nake faɗa ba.

Kashegarin Salla da hantsi muka sauko Harami don ɗawafin Hajji da sa'ayi, wato tafiya bakwai ɗin nan tsakanin Safa da Marwa, wadda in ba a cika ta ba Hajji bai cika ba. Ammi Yusuf ya rako mu, ya tsaya a ƙofar Marwa riƙe da takalmanmu da lema. Muka gama ɗawafi lafiya. Muka yi sa'ayi ɗaya, biyu, har biyar. Na biyar a saman Marwa yake ƙarewa. Na juya keken ke nan, ƙafafunsa na gaba sun fara kallon gangara, sai na ji hannu a kafaɗata.

Dogo ne, da tabo a girar dama. Furfura ta ɗan fito masa a gashin baki, amma shi ne.

"Fen iƙama?" ya ce, wato ina takardata.

Wallahi duk abin da na koya a kan kwalin Kudai ya gudu ya bar ni. Ƙafafuna suka ce narke, ga mutane nan maƙil, taku uku ka ɓace. Kafaɗata ta ce ture shi, ka fi shi ƙarfi. Su biyun suka ja ni lokaci guda har na ji kamar zan tsage. Abin da ya rage mini kawai shi ne numfashi, shi ma guntu. Na ja shi, ya shiga da ƙyar. Kafin ya fita na sami ɗan filin nan, ƙarami ƙwarai, amma ya ishe ni tsayawa. Na ga tsoron, na ga zuciyar, na ga kuma ƙeyar Inna da ɗan farin gashin da ya leƙo ta ƙasan hijabinta. Na fitar da numfashin, na taka birki.

"Mafi iƙama," na ce masa. Ba ni da ita. "Wannan uwata ce. Saura biyu."

"Dukanku haka kuke cewa, uwata, ubana."

Inna ta waigo. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ga kaki ta ga fuskata. "Haladu, me ka yi wa bawan Allahn nan? Halin naka ka yi ko?" Ta miƙo hannu ta baya tana laluben kunnena. Askarin ya dubi fuskarta, ya dubi tawa, ya ga hanci ɗaya, goshi ɗaya. Na ga bakinsa ya ɗan motsa, ya danne.

"Kai ne ka saki shayib a nan wurin," ya ce, yana nufin dattijon.

"Ni ne."

"An yi masa ɗinki, ya warke. Har muka kai shi asibiti yana tambaya ina mai tura shi, ko shi ma ya ji ciwo."

Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na tsaya hawaye yana zuba, hannuna biyu a kan keke, ba halin sharewa. Ya kalli gangarar, sannan ya ce, "Kammil. Ƙarasa. Bayan nan kai da ni."

Ya shiga gabanmu. Daga Marwa zuwa Safa, daga Safa zuwa Marwa, yana tafe yana cewa "Ɗarik, ɗarik ya hajji," wato a ba da hanya, mutane suna darewa. Ban taɓa tura keke a hanya mai faɗi haka ba, ban kuma taɓa tura shi a hankali haka ba. Inna tana ta addu'a da ƙarfi, tana sa wa askarin albarka da Hausa, shi da iyayensa da 'ya'yansa. Ni kuwa ina ja ina fitarwa, kowane taku na san shi, don na san su ne na ƙarshe da zan yi a wurin nan.

A saman Marwa na ba ta zamzam ta sha, na durƙusa na gaya mata gaskiya. Askarin ya bari na kira Ammi Yusuf daga ƙofa, na ɗora hannunsa a kan mariƙin keken. Na ce, "Inna, ga wanda zai ƙarasa da ke jifa da ɗawafin bankwana. Na san kin ce ba ƙaton da zai tura ki." Ta dube shi, siriri kamar sanda, ta share ido ta ce, "Wannan ai ba ƙato ba ne. Jeka, Allah ya yi maka albarka." Ammi Yusuf ya ɗora yatsa a gefen hancinsa ya kalle ni. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Na yi 'yan makonni a gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Aka ɗauki hoton yatsuna, aka ce kar in dawo. Kullum da safe ina zaune a kan bargona ina toshe hanci, har wasu 'yan Nijar biyu suka fara kwaikwayona. Abin dariya, na riga Inna isowa gida da kwana huɗu, don ayarinsu ya wuce Madina. Ni na share mata ɗaki, ni na tare ta a ƙofar gida na ce, "Hajiya, sannu da zuwa." Cikin tsarabarta akwai wani ƙulli da ta ce na Bahinde ne. Na kwance na ga ɗan makullin nan na ɗaure waya. Da shi nake cin abinci yanzu, ina gyaran kekuna a bakin kasuwarmu, kuma duk ƙafar da na ɗora na juya sai na ji ƙamshin shayin Kudai. Ina kewar garin nan, har ɗakin kwanon da zafinsa.

Inna ta yi shekara huɗu bayan Hajjinta. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi labari: "Ɗana ne ya tura ni da hannunsa, askarin Makka yana gaba yana buɗe mini hanya." Ba ta taɓa gaya wa kowa cewa a kame nake ba. Ni ma na ɗauka iyakar abin da ta sani ke nan.

Sai a ciwonta na ƙarshe, wata rana da yamma ina matsa mata gwiwa, ba kowa sai mu biyu, ta ce, "Haladu, ranar nan a kan gangara."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Keken ya motsa. Kaɗan, kamar faɗin yatsa. Na ji lokacin da hannunka ya fara buɗewa." Ta kama hannun nawa ta juya shi tana dubawa, ta dunƙule mini yatsun ɗaya bayan ɗaya. "Na kuma ji lokacin da ya koma."